Yadda Haladu Ya Bi Wata da Farantin Talabijin

Wa ya aike ki ki yi min wannan tambaya, Hanadi? Kwanon da kika ci tuwon asida yana can ƙudaje na zagaya shi, amma kin sami bakin tambayar me ya sa mutanen unguwa ke murmushi in baffanku Haladu ya ɗaga kai sama. Mu da muna yara, in muka ga ana yi wa babba dariya, kai muke sunkuyarwa mu wuce. Ku kuwa sai kun tona. To, tunda kun tona, ku zauna ku ji. Shaima, sauke ƙafarki daga kan angarib ɗina, gadon kwanana ne. Kada kowa ya jira in buɗe masa da yadda ake buɗe tatsuniya, don wannan a tsakar gidan nan aka yi shi, kuma ni na haifi mai shi, ba ni da inda zan kai ƙara.

Shekarar da yaƙi ya watso mutane daga Khartum, Haladu ya dawo Gadarif da matarsa Rakiya, da jaka guda, da bakinsa. Jakar ba ta da nauyi. Bakin ne ya kusa karya lori.

A can, rigunan waya yake sayarwa a kan ɗan tebur, a ƙofar shagon masu ɗaura farantin talabijin, wannan da muke ce wa tabag. Shekara da shekaru yana zaune yana jin su suna shiga suna fita, suna cewa tabag, suna cewa ishara, suna cewa gamar. Kalmomin suka zauna masa a baki daram. Hannunsa dai bai taɓa riƙe sufana ba. Amma kafin lori ya wuce Madani ya riga ya zama mai gyara, kafin ya sauka a tashar Gadarif ya zama injiniya, kafin ya gama gaisawa da maƙwabta kuwa shi da kansa yake gyara wa mutane kira: ba Haladu ba, Bashmuhandis, wato babban injiniya.

Babanku Usumanu ya yi haƙuri da shi damina guda. Yana fita gona, ƙaninsa na kwance a rakuba, rumfar nan ta tsakar gida, yana shan gahawar jabana yana ba yara labarin benaye. Da riɗi ya nuna, sai ya tsaya a kansa.

"Haladu, bayan Juma'a lori zai tashi zuwa Fashaga yankan riɗi. In ka sami aiki kafin nan, madalla. In ba ka samu ba, na wasa maka lauje."

Haladu ya dubi tafin hannunsa. Laushi kamar na amarya. Ya tuna da abin da masu dawowa daga yankan riɗi ke faɗa: rana a ka tun safe, baya a tanƙware, kwana a fili, kunama a takalmi, miyar busasshen kifi safe da yamma. Ya zura jallabiya ya fita neman mafita.

Ya same ta kuwa. Akwai wani Abdelaziz, mutumin Madani, shi ma gudun yaƙin ya kawo shi. Mutum mai kunya, mai magana a hankali. Ya kama fili bayan kasuwa zai buɗe gidan kallon ƙwallo, yana neman wanda zai ɗaura masa tabag ya riƙa kula da su. Haladu ya zauna masa a kunne tun hantsi har azahar. Abdelaziz ya ce, "Tamam, Bashmuhandis. Ran Alhamis bayan la'asar zan biyo gida in ga aikinka. In na ga hoto tas, aiki naka ne."

Hotonmu kuwa tas yake. Tun kafin ya dawo wani ya ɗaura mana tabag ɗin a kan rufin kwanon ɗakina, bai taɓa ba mu ciwon kai ba. Da Haladu ya zauna ya harɗe hannuwansa har Alhamis, da yanzu wani labarin nake ba ku.

Ran Laraba hadarin ƙarshen damina ya haɗo. Ruwa ya sauko, hoto ya ɗauke, wani ɗan rubutu ya fito yana yawo a gilashin. Kowa a unguwar nan ya san wannan. In ruwa ya zo hoto ya tafi, in ruwa ya tafi hoto ya dawo, ko akuyata ta sani. Amma Haladu ya miƙe yana naɗe hannun riga.

"Kada kowa ya taɓa komai. Ishara ta faɗi."

Rakiya ta ce, "Ka bari ruwan ya ɗauke mana."

"Wannan maganar mutanen ƙauye ce. A Khartum ba a jiran ruwa."

Ya ɗauki rimot. Ya danna nan, ya danna can, ya ciro batir ya ciza ya mayar. Ya shiga wani wuri a cikin risiba, akwatin nan mai kamo tashoshi, da ba mu taɓa sanin akwai shi ba. Abin ya tambaye shi wata tambaya, ya ce eh. Ya sake tambayarsa, kamar mai cewa ka tabbata, ya sake cewa eh. Ruwa ya ɗauke. Daga gidan Bakhita maƙwabciyarmu muka jiyo kiɗan labarai ya dawo. Namu kuwa ko tasha ɗaya ba ta rage ba, rubutun ma ya sauya ya koma wani iri, kamar kaza ta taka tawada ta bi ta kan takarda.

Bakhita ta leƙo ta katanga, daga nan ta zagayo ta shigo, don ba ta iya jin abu daga nesa. Ta ƙura wa gilashin ido.

"Ni dai na yi sayar da shayi a sansanin 'yan gudun hijira na Um Rakuba, na san rubutun Habashawa. Wannan ba nasu ba ne. Bashmuhandis, wace ƙasa ka kai mu?"

"Harshen injiniyoyi ne, Hajja. Ba a yi shi don kowa ya karanta ba."

"To karanta mana."

"Ba a karanta shi da ƙarfi."

Ya kwana da abin a ransa. Da safe ya tashi da sabuwar dabara. Ya ce a bar na sama tukuna, tashar ƙasa zai kamo da eriya, don mai gidan kallo ya ga ya iya biyun. Eriya kuwa ba mu da ita. Ya shiga madafa ya kwaso murafen tukwanena, ya huda su da ƙusa, ya ɗaure a jikin sandar tsintsiya da wayar shanya. Ina dawowa daga rijiya na tarar da miyata a buɗe, kayan da Rakiya ta wanke suna kwance cikin baƙar lakar nan tamu da ba ta fita a farin tufa.

Na ce, "Haladu, murafena ne waɗancan?"

"Yumma, aro na yi. Kimiyya ce."

Tun da ya je Khartum ya daina ce min Inna. Na ce, "Kimiyyar ba ta da uwa ne, da za ta zo ta huda na uwar wani?"

Ya ɗaga sandar sama, ya zagaya tsakar gida da ita kamar mai korar tsuntsu a gona. Murafai suna kaɗawa suna ƙara. Talabijin ya yi ta shuuu, kamar an zuba albasa a mai. Kaji suka watse. Babanku ya fito zai tafi kasuwa, ya tsaya ya dube shi. Ya shiga ɗaki ya fito da laujen, ya rataye a jikin ginshiƙin rakuba inda duk wanda ya juyo sai ya gan shi, ya fita.

Haladu ya ga laujen. Ya ajiye murafai ya ɗauko tsani.

A kan rufin ya gano cutar, in ji shi. Wannan ɗan abin da ke tsaye a gaban faranti kamar kan muciya, shi ne idon tabag, kuma ido in ya yi datti ba ya gani. Ya kwance shi ya sauko da shi, ya jiƙa a bokiti da garin sabulu, ya cuɗe shi da soso kamar ƙafar yaro, ya girgiza. Muna jin ruwa na ƙara a cikinsa. Ya ce wannan alamar ya sha ne. Ya hau ya mayar.

Babu hoto.

Azahar ta wuce. Haladu na zaune a kan kwano, rana na gasa shi ta sama, kwano na gasa shi ta ƙasa. Yana ta juya kalmomin nan na ƙofar shago a kansa, ko akwai wadda ya manta. Tabag, ya taɓa. Ishara, ita ce ta gudu. Sai gamar. Kullum masu ɗaurawa cewa suke, ka saita shi a kan gamar, in ka sami gamar ka sami komai. Su tauraron nan na ɗan'adam suke nufi, wanda aka harba sama, don da Larabci sunansu ɗaya da wata. Shi kuwa tun yana yaro abu ɗaya ya sani da suna gamar. Ya ɗaga kai. Can gabas, sama da bishiyar dogonyaro, ga wata ya fito da rana tsaka, fari-fari, ya wuce rabi. Ya juyo ya dubi farantin. Yamma yake kallo. Ya ba watan baya ɗungurungum.

Dariyar da ya yi har ƙasa muka ji ta.

"Yumma, fito ki ga aikin jahilai. Shekara nawa tabag ɗinki yana kallon inda babu gamar? Ikon Allah ne kawai kuka riƙa ganin hoto."

Na fito na sa hannu na kare rana. Na ce, "Na Bakhita yamma yake kallo. Na liman yamma. Na mai gidan burodi yamma."

"Shi ya sa nasu ke ɗaukewa in an yi hadari."

"Naka fa?"

"Nawa zai riƙa sha daga bakin rijiya."

Ya sa sufana ya kwance ƙusoshin duka, ya rungumi farantin ya juya shi gabas. Bakhita ta riga ta ɗauko kujera. Mazan da ke dawowa daga masallaci suka tsaya a bakin ƙofa, daga tsayuwa suka shigo, daga shigowa aka shimfiɗa musu tabarma. Rakiya ta ɗora jabana, don kunya ba ta hana baƙi shan gahawa.

Wani daga cikinsu ya ce, "Ya zol, bawan Allah, ka juya shi gabas. Salla zai yi?"

"In ya idar ka ce ya yi mana addu'a," in ji Bakhita.

Haladu bai kula su ba. Ya rarraba aiki. Ni zan zauna a ɗaki gaban talabijin. Rakiya za ta tsaya a tsakar gida. In hoto ya zo in faɗa mata, ita ta faɗa masa. Ku duba fa, ni da ban san alif ba, ni aka sa gadin rubutun da ko Bakhita ba ta san ƙasarsa ba. Kuma na zauna. Na gyara lulluɓi ma. Duk gidan nan in aka tashi wauta ba a barin mutum ɗaya ya yi ta shi kaɗai.

"Ya zo?" in ji shi daga sama.

"Inna, ya zo?"

"Bai zo ba."

"Bai zo ba."

Ya ɗan matsa. "Yanzu fa?"

"Tsutsotsin nan ne dai."

"Ta ce tsutsotsi."

Can na gaji, na leƙo ta taga. Na ce, "Haladu, watan nan tafiya yake yi. Ɗazu yana kan dogonyaro, yanzu ya haura."

"Shi ya sa ake neman injiniya, Yumma. Bin sa ake yi."

"Kai za ka kwana a nan kana bin sa?"

"Farko ne mai wuya. In suka saba da juna shi ke nan."

"To, ƙarshen wata fa, da ba a ganin sa sam? Mun kalli talabijin a kwanakin nan."

Ya gyara riƙon farantin. "Wannan ajiya ce. Risiba na tarawa a kwanakin farin wata, kamar yadda kike tara dawa a rumbu."

Mazan kan tabarma suka ce wallahi magana ta yi ma'ana, suna toshe baki da rawani. Sai wani ɗan gajimare ya zo ya rufe watan. Haladu ya nuna shi da haɓa, don hannuwansa biyu na riƙe da faranti.

"Kun gani da idonku. Ga abin da ke ɗauke muku hoto. Wa ya taɓa yi muku wannan bayani a Gadarif?"

"Babu," in ji Bakhita. "Allah ya tsare mu har yau."

La'asar ta yi sanyi. Gumi ya jiƙa jallabiyarsa, wayar tabag ta naɗe masa a ƙafa saboda yawan juyi. Daga inda yake yana hango laujen a jikin ginshiƙi, rana na ƙyalli a bakinsa. A ransa yana roƙon Allah, ko hoton minti ɗaya ne, ko talla ce, ko mutumin nan mai faɗin farashin dawa. Ya ƙura wa watan ido har hawaye suka zubo. Bai ga mai shigowa ba.

Rakiya ce ta gan shi. Abdelaziz ne a bakin ƙofa, da farar jallabiya mai guga, shi da babanku. Tun safe take zullumin wannan zuwan. Ta ɗaga kai sama ta ce wa mijinta, da ƙarfi don ya shirya:

"Ya zo!"

Haladu ya saki farantin. Ya ɗaga hannu biyu sama.

"Allahu akbar! Na faɗa muku. Ina masu dariya?"

Farantin ya tsaya kamar mai tunani. Daga nan ya kwanta, ya sulalo a kan kwano da ƙarar da ta tashi tantabarun unguwa. Wayar ta miƙe. Bakinta ɗaya ya fizge risiba daga gabana, na ga abin ya bi ta taga kamar ɓera. Ɗaya bakin ya ja ƙafar Haladu. Ya yi taku biyu da baya, ya taka inda kwanon ya ci tsatsa, wurin da na yi damina uku ina cewa a gyara. Kwano ya buɗe baki.

Farantin ya dira a tsakar gida, ya yi gare a kan gefensa, ya bi ta tsakiyar tabarma. Maza suka tashi da kofuna a hannu. Ya kifar da jabana, ya zagaya Bakhita da kujerarta, ya je ya kife a gaban takalmin Abdelaziz yana rawa har ya yi shiru.

Ni kuwa a ɗaki, ƙura ta lafa, na ɗaga kai. Ga ƙafafu biyu suna lilo a saman talabijin, takalmi ɗaya, jallabiya ta tattare ta tsaya a sama tare da mai ita. Daga ƙugu zuwa ƙasa yana ɗakina, daga ƙugu zuwa sama yana unguwa.

Ta cikin hudar na ji muryarsa. "Yumma, wace tasha ce ta zo?"

Na ce, "Tashar wandonka. Kuma hoton tas yake."

Na fito. Abdelaziz na tsaye, bai yi dariya ba, mutumin kirki. Ya gaishe ni, ya tambayi lafiyar gida. Sannan ya ɗaga kai ya dubi rabin mutumin da ke kan rufi.

"Sannu, Bashmuhandis. Ba ka ji ciwo ba?"

"Ko kaɗan. Dubawa nake ta ciki."

"Madalla. A kan wane gamar ka saita?"

Haladu ya zaro hannu ɗaya da ƙyar, ya nuna. Kowa ya bi yatsan da kallo. Gajimare ya wuce, ga wata nan a sarari.

Abdelaziz ya daɗe yana kallonsa. Ya shafa gemu. Ya ce, "Wannan ɗin."

"Akwai wani ne?"

A nan Bakhita ta zame daga kan kujera. Mai gidan burodi ya dafa katanga. Liman, da ya shigo saboda jin ƙara, ya juya baya kafaɗunsa na motsi, yana ta istigfari.

Abdelaziz ya bari aka lafa. Ya ce, "Ma'alesh, ka yi haƙuri ɗan'uwa. Aikinka babba ne, ya fi ƙarfin wurina. Ni gidan kallona kullum zai buɗe, har da ranakun duhu. Kuma rufina ɗaya ne."

Ya yi min sallama, ya tsallake farantin ya fita.

Sai da maza huɗu suka taru kafin aka ciro shi, biyu na turawa ta ɗakina, biyu na ja ta sama, shi kuma yana ba su umarnin yadda ake yi. Babanku bai taɓa shi ba. Ya dai tsaya a gindin tsani, da ya sauko ya tambaye shi lambar takalminsa, wai ƙasar Fashaga ba ta son silifa.

Ran Asabar da sassafe lori ya tsaya a bakin titi, cike da masu yanka. Haladu ya fito da ƙunshinsa, Rakiya ta ɗaure masa tafin hannu da tsumma tun kafin ya taɓa komai. Rabin unguwa ta fito rakiya, ba don ƙauna ba. Ya hau, ya sami wuri kan buhu, ya zauna shiru. Har tausayinsa ya fara kama ni, na ce yaron nan ya ji jiki.

Direba ya tada mota. Haladu ya karkata kai ya kasa kunne. Ya leƙa ta gefe ya ƙwanƙwasa ƙofa.

"Usta direba, injin nan naka yana da wata 'yar ƙara. In mun tsaya a hanya ka bari in duba maka."

Direban ya riga ya ji labari. Ya kashe motar, ya sauko, ya ciro akwatin sufanu daga baya, ya sa a ƙarƙashin kujerarsa, ya zauna a kai, sannan ya ja.

To, kun ji. Wanda ya maimaita a gabansa, ni da shi ne, don ɗana ne, ni kaɗai ke da izinin faɗa. Hanadi, kwanon nan ba zai wanke kansa ba. Shaima, rufe bakin tulu, ki kore kazar can daga madafa. Ku sauke gidan sauro ku cusa gefensa da kyau. Na ƙirga ku, in na sake ƙirgawa na ga ido ɗaya a buɗe, gobe shi zai yi sharar awaki. Ku tashi, ku kwanta.